Tambaya da Amsa: Halittar Jikin Kifi

Wasiƙun da suka taru a wannan karo kusan dukkansu a kan kifi suke, daga masu kiwonsa da masu kama shi da masu dafa shi, saboda haka muka ware musu filin baki ɗaya. Mun taƙaita tambayoyin domin amsoshin su sami wuri.

Tambaya daga wani mai kiwon kifi a Kano: Ina da kududdufai biyu, ɗaya na tarwaɗa, ɗaya na karfasa. Sau da yawa da asuba nakan tarar karfasa sun taso saman ruwa suna buɗe baki suna rufewa, wasu ma sun mutu, alhali tarwaɗa ko a jikinsu. Mene ne bambancin halittarsu?

Amsa: Malam, in ka ɗaga murfin ƙashin nan da ke gefen kan kifi, za ka ga jan nama mai zare-zare a jere bisa wasu lanƙwasassun ƙasusuwa, huɗu a kowane gefe. Waɗannan su ne mashaƙan kifi, kuma jan da kake gani jini ne da ke gudana a ƙarƙashin wata fata siririya ƙwarai. Kifi yakan buɗe baki ya zuƙi ruwa murfin yana rufe, sannan ya rufe baki ya turo ruwan ta kan mashaƙan, ya fice ta ƙarƙashin murfin, a nan ne jini ke ɗaukar iskar oksijin da ta narke cikin ruwan. Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan tsari shi ne, jinin da ke cikin zare-zaren yana tafiya ne ta fuskar da ta saɓa wa tafiyar ruwan, don haka duk inda jinin ya kai sai ya tarar da ruwan da ya fi shi oksijin, ya ci gaba da ɗiba har ƙarshe. Da wannan dabara wasu kifaye kan kwashe kusan kashi 80 cikin 100 na oksijin da ke cikin ruwan da ya ratsa su.

Dole ne ma su yi haka, domin ruwa matalauci ne ta wannan fanni. Lita ɗaya ta ruwa mai zafin digiri 25 ba ta riƙe fiye da miligiram 8 na oksijin da 'yan kai, alhali lita ɗaya ta iskar da muke shaƙa tana ɗauke da ninkin haka kimanin sau 30, kuma gwargwadon ɗumin ruwa, gwargwadon raguwar abin da yake iya riƙewa. Da rana koren gansakukan da ke cikin kududdufinka suna samar da oksijin saboda hasken rana, da dare kuwa su da kifin da ruɓaɓɓen abincin da ya kwanta a ƙasa duk zuƙa suke yi, ba mai bayarwa, shi ya sa asuba ce lokacin da ruwan ya fi talaucewa. Karfasa ba ta da wata hanya sai mashaƙanta, shi ne take tasowa ta lasar saman ruwa, inda ya fi ɗan dama-dama. Ko fitar da ita ka yi zuwa sarari, inda iska take a wadace, ba za ta amfana ba, domin ruwa ne ke raba zare-zaren nan da juna. Da zarar ya tsiyaye sai su manne kamar shafukan littafin da ya jiƙe, filin da iska za ta taɓa ya ragu ƙwarai.

Tarwaɗa kuwa an ƙara mata wata gaɓa. A cikin wani kogo da ke saman mashaƙanta, ta bayan kai, akwai wani jan nama mai rassa da ya tsiro daga ƙashin mashaƙi na 2 da na 4, kuma shi ba ya mannewa in ya bar ruwa. Tasowar da kake ganin tana yi, ta haɗiyi iska ta koma ƙasa, cika wannan kogo take yi. Shi ya sa take wuni da rai a bahon mai sayarwa a cikin ruwan da bai rufe bayanta ba, kuma shi ya sa a daren damina take iya jan ciki ta ratsa jiƙaƙƙiyar ciyawa daga wannan tafki zuwa wancan.

Sai dai ina roƙonka kada wannan juriya ta rufe maka ido. 'Ya'yan tarwaɗa a makonninsu na farko ba su gama fitar da wannan gaɓa ba, don haka ruwa marar iska yana kashe su kamar yadda yake kashe karfasa. Bayan haka, ta mashaƙa kifi ke fitar da mafi yawan dattin jikinsa, wato amoniya, kuma in ta taru cikin ruwan da ba a sauyawa, mashaƙan take fara lalatawa; tarwaɗar ba za ta mutu nan take ba, amma za ta rage ci, girmanta ya tsaya. Duk safiyar da ka ga karfasa a sama, ka dakatar da abinci, ka zuba sabon ruwa ta hanyar watsawa domin ya gauraya da iska, sannan ka duba ko kifin bai yi wa kududdufin yawa ba.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Nguru: Ɗalibaina sun ƙi yarda da na ce musu ana haƙo kifi mai rai a busasshiyar fadama da rani. Ina son bayanin da zan gamsar da su.

Amsa: Gaskiyarka, Malam, kuma duk wanda ya tashi a fadamun Haɗeja da Nguru ko a gaɓar Tafkin Chadi zai ba ka shaida. Gaiwa ce, kuma ita huhu ne da ita na sosai, guda biyu, dogaye, a kwance ta saman hanji, suna haɗe da maƙogwaro. Mashaƙanta sun ƙanƙance har ba su isa riƙe ranta, ta yadda in aka tsare babbar gaiwa a ƙarƙashin ruwa aka hana ta tasowa, mutuwa za ta yi. Ka nuna wa ɗaliban fukafukanta ma: guda huɗu ne sirara, dogaye, babu tsinkayen da ke shimfiɗa na sauran kifaye, kuma takan dogara su a ƙasan ruwa ta riƙa matsawa.

Idan ruwa ya fara janyewa, gaiwa takan kutsa cikin laka ta yi rami, ta naɗe jikinta har wutsiya ta rufe kai, sannan fatarta ta fitar da yauƙi mai yawa wanda zai bushe ya zama kwanso, ya bar 'yar ƙofa ɗaya daidai bakinta. Ta wannan ƙofa da ramin da ta shigo iska ke isa gare ta. Daga nan bugun zuciya ya ragu, numfashi ya yi jinkiri, ba ci ba sha. Maganar da ake yi cewa gaiwa jikinta take ci tana da tushe, domin tsokarta ce ke narkewa a hankali tana ciyar da ita, ko da yake ba da baki take cinta ba. Dattin da wannan narkewa ke haifarwa, tun da babu ruwan da zai wanke amoniya, jikinta yakan mai da shi wani sinadari marar kaifi irin wanda ke cikin fitsarinmu, ta tara shi har ruwan sama ya sauka ta zubar. A fadama wannan kwanciya ta watannin rani ce, amma a ɗakunan bincike an ajiye gaiwa cikin kwansonta fiye da shekara 3 kuma ta farfaɗo. Irinta 6 ne kawai suka rage a duniya: 4 a Afirka, 1 a Kudancin Amurka, 1 a Ostireliya, kuma masana suna lissafa su a matsayin kifayen da suka fi kusa da dabbobin tudu a ƙirar jiki.

Tambaya daga wata uwargida a Yawuri: Mece ce farar jakar nan da nake samu a manne da ƙashin baya in na feɗe giwan ruwa?

Amsa: Hajiya, jakar iska ce. Tsoka da ƙashi sun fi ruwa nauyi, saboda haka kifin da ba shi da abin da zai ɗaga shi sai dai ya yi ta iyo ko ya kwanta a ƙasa. Wannan jaka ita ke daidaita nauyinsa da na ruwan da yake ciki, har ya iya tsayawa cak a tsakiyar ruwa ba tare da ya wahalar da fukafukansa ba. A wasu kifaye jakar tana da siririn bututu zuwa maƙogwaro, suna haɗiyar iska su cika ta, su yi gyatsa su rage ta. A giwan ruwa da karfasa babu wannan bututu, jini ne ke zuba mata iska yana kuma janyewa, aikin da ke ɗaukar lokaci. Wannan ne dalilin da ya sa in aka jawo giwan ruwa da sauri daga wuri mai zurfi, jakar takan kumbura har ta turo tumbinsa waje ta baki, kuma ko an sake shi ba ya iya komawa ƙasa. Kifayen teku na dangin shak ba su da ita sam, ƙatuwar hanta mai mai ce ke taimaka musu.

Giwan ruwa yana iya kai tsawon mita 2 da nauyin kilo 200, don haka jakarsa ma babba ce mai kauri. A Tafkin Biktoriya, inda Yuganda da Kenya da Tanzaniya ke kama shi da yawa, ana wanke ta a shanya, a sayar wa fatake masu kai wa Hong Kong da ƙasar Sin, inda ake miya da ita, kuma kilo ɗaya nata ya fi kilo ɗaya na naman tsada nesa ba kusa ba. Ina ganin ya dace masuntan Kainji da na Yawuri su san wannan kafin su jefar da ita cikin tarkacen hanji.

Tambaya daga wani ɗalibin sakandare a Argungu: Kakana masunci ne, yakan tsawata mana in muka buga ƙafa a cikin jirgi, yana cewa kifi na ji. To ina kunnen kifin yake?

Amsa: Kakanka ya san aikinsa. Kifi ba shi da kunnen waje kuma ba shi da ƙofar kunne, amma a cikin ƙoƙon kansa, ta gefen ƙwaƙwalwa, akwai kunnen ciki, kuma kowane ɗaya yana ɗauke da 'yan duwatsu farare guda 3. In ka fasa kan babban kifi bayan an dafa, za ka iya tsintar mafi girmansu. Sauti yana ratsa jikin kifi kusan yadda yake ratsa ruwa, su kuwa duwatsun sun fi jikin nauyi, don haka motsinsu yakan ɗan makara, wannan saɓani ne ke tankwasa wasu ƙananan gasu da ke ƙarƙashinsu, jijiya ta kai saƙo ƙwaƙwalwa. Sauti a ruwa yana tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa, a iska kuwa kusan 340, kuma katakon jirgi yana miƙa bugun ƙafarka ga ruwa kai tsaye, fiye da yadda muryarka ke shiga. Tarwaɗa da ragon ruwa da ƙurungu da danginsu sun ma fi sauran ji, domin akwai wasu ƙananan ƙasusuwa a jere da suka haɗa jakar iskarsu da kunnen ciki, waɗanda wani masani Bajamushe, Ernst Weber, ya bayyana a 1820. Su kuwa duwatsun kunnen nan suna girma ne zobe bisa zobe, kuma masu bincike suna ƙirga zobban domin sanin shekarun kifi.

Akwai kuma wata hanyar ji wadda mu ba mu da irinta. Ka dubi gefen karfasa da kyau, za ka ga wani layi na ɗigo-ɗigo a kan ɓawonta, wanda ya yanke ya koma biyu, na sama da na wajen wutsiya. Ƙananan ƙofofi ne da ke shiga wani bututu a ƙarƙashin fata, cike da gasu masu jin motsin ruwa. Da shi kifi ke sanin wani abu ya gifta kusa da shi cikin duhu, da shi kuma garke ke juyawa lokaci guda ba tare da sun yi karo ba. Hancin kifi kuwa na sansana ne kawai, a yawancinsu bai ma haɗu da baki ba. Tarwaɗa, wadda idanunta ƙanana ne, tana ɗanɗana abu da gashin bakinta guda 8 har da fatar jikinta, tun kafin abincin ya shiga baki.

Tambaya daga wata ma'aikaciyar jinya a Zariya: Kifi yana barci kuwa? Ban taɓa ganin ya rufe ido ba.

Amsa: Yana yi, Malama. Fatar ido ce ba shi da ita, domin aikinta a wurinmu jiƙa ido ne da share ƙura, shi kuwa ruwa ya ɗauke masa wannan. Karfasa da dare takan sauka ƙasa ta tsaya shiru, numfashinta ya yi sanyi, ta rage kula da abin da ke kewaye da ita.

Tambaya daga wani masunci a Gaya, Jamhuriyar Nijar: Daga ina minjirya take samun wutar da take ja da ita?

Amsa: Daga jikinta, Malam. In ka feɗe ta za ka ga tsakanin fata da tsoka akwai wani kauri mai laushi da ya lulluɓe kusan duk gangar jikin. Miliyoyin 'yan ƙwayoyin halitta ne da asalinsu tsoka ce, amma maimakon su motsa sai kowace ta samar da 'yar wuta kaɗan, kuma da yake a jere suke, ɗaya bayan ɗaya, wutar takan taru. Ƙwayar jijiya ɗaya tak ce a kowane gefe ke ba su umarni, shi ya sa suke saki a lokaci guda. Babbar minjirya tana iya kai bolt 350, alhali wutar gida bolt 220 zuwa 240 ce, sai dai tata ta ƙiftawar ido ce, ba mai ɗorewa ba. Da ita take sumar da ƙananan kifaye ta haɗiye, da ita kuma take kare kanta, tun da ba ta da ɓawo. Haɗarinta ga masunci ya fi yawa a ruwa mai zurfi, inda firgita kan sa mutum ya saki gora. Mutanen Masar na dā sun san ta, sun sassaƙa siffarta a bangon kaburburansu fiye da shekara 4,000 da suka wuce.

Akwai wani kifi da kake kamawa wanda shi ma yake da wuta, amma hannunka ba zai taɓa jin ta ba, wato yauni. Ka lura da ƙirarsa: ba shi da fiffiken wutsiya, ba shi da na ciki, sai 'yan ƙananan fukafukai biyu a gefe da dogon fiffike ɗaya a gadon baya wanda yake kaɗawa, gangar jikin kuwa a miƙe take, kuma yana iyo da baya kamar yadda yake yi da gaba ba tare da ya bugi komai ba. Wannan ne ya ja hankalin Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij, wanda ya bayyana a 1951 cewa wutsiyar yauni tana sakin wuta mai rauni ba ƙaƙƙautawa, sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Wutar tana kewaye jikinsa, duk abin da ya shigo cikinta, dutse ne ko kifi, yakan sauya yadda take gudana, fatarsa kuma ta ji sauyin. Miƙewar jikin nan tana taimaka masa wutar ta zauna daidai. A ruwan damina mai laka, inda ido ba ya ganin ko taƙi ɗaya, wannan ya fi masa ido amfani.

Tambaya daga wani mai sayar da banda a Maiduguri: Me ya sa ƙayar ƙurungu ba ta kwantawa ko an danna ta?

Amsa: Ƙayoyin guda 3 ne, ɗaya a baya, biyu a gefe, kuma gindin kowace yana da makulli na ƙashi; in ya miƙe su sai su datse, dannawa ba ta kwantar da su sai dai ta karya. Manufar ita ce ya gagari haɗiya ga babban kifi ko tsuntsu. Kukan nan da yake yi in an fitar da shi daga koma ba daga baki yake fitowa ba, gindin ƙayar gefe ne yake gogawa cikin gurbinsa. Ƙayar tana da haƙora masu kallon baya, ga yauƙi da datti, shi ya sa sukarta take zugi kuma take saurin kumbura. Wanda ta soka ya wanke wurin da sabulu, ya tsoma cikin ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa, ya tabbata babu guntu a ciki, kuma in rauni ya yi zurfi ya je asibiti a yi masa allurar rigakafin sandarewar jijiyoyi.

Tambaya daga wata amarya a Maraɗi: Wani lokaci miyar kifina takan yi ɗaci ko da kifin sabo ne. Me nake yi ba daidai ba?

Amsa: Amarya, matsarmama kike fasawa. 'Yar jaka ce koriya a manne da hanta, kuma ruwanta in ya taɓa nama yakan shige shi, wanki ba ya fitar da shi duka. Ki sa tsinin wuƙa a mafitar kashi, kaifin yana kallon sama, ki tsaga zuwa wajen kai ba tare da kin nutsa wuƙar ba, sannan ki sa yatsu ki jawo kayan cikin a dunƙule. In ta fashe, ki yanke wurin da ya yi kore ki yar. Tun da kin buɗe cikin, ki duba abin da ke gabanki. Zuciya 'yar ƙarama ce, can gaba a ƙarƙashin maƙogwaro, ɗakuna 2 ne da ita maimakon 4 irin namu, kuma jini take turawa mashaƙa, daga can ya zarce sauran jiki. Hanjin karfasa dogo ne a nannaɗe, ya ninka tsawon jikinta sau da yawa, saboda gansakuka da ganye take ci, masu wuyar narkewa. Na giwan ruwa gajere ne, tumbinsa kuma babba, saboda kifi yake haɗiya. Baƙin jan layin nan da ke kwance a jikin ƙashin baya, wanda ake ɗauka daskararren jini ne, ƙoda ce, ki kankare ta da cokali, haka ma baƙar fatar da ta shafe cikin karfasa. Ki cire mashaƙan su ma, domin suna cikin abin da ke fara lalacewa, kuma tun a kasuwa su za ki fara dubawa: jajaye masu sheƙi na sabon kifi ne, masu ruwan ƙasa da yauƙi kuwa na wanda ya kwana ne.

Abu biyu kuma nake so kowa ya kiyaye. Kada a haɗiyi ɗanyar matsarmamar kifi da sunan magani. A ƙasashen Asiya, inda ake yin haka da ta wasu manyan kifayen ruwan daɗi, likitoci sun sha karɓar mutanen da ƙodarsu ta tsaya saboda ita. Na biyu shi ne talibambam, mai haƙora 4 a haɗe, wanda ke cika tumbinsa da ruwa ko iska ya kumbura in ya ji tsoro. Kifayen danginsa suna tara guba a hanta da ƙwai da fata, gubar da ke kashe jijiyoyin numfashi, kuma dahuwa ko banda ba sa lalata ta. In ya shigo cikin kifin da kika saya, ki ware shi, kada ki dafa, kada kuma ki jefa wa kaji ko kyanwa, ki binne shi inda yara ba za su tono ba.